Katin Baba a Aljihunka: Ina Larura Ta Tsaya?

 

Akwai wata tambaya da ta yawaita a wurina a 'yan shekarun nan, mafi yawa daga samari da 'yan mata da suke manyan makarantu, wasu kuma sun gama har sun yi aure. Lafazin yakan bambanta, amma maganar ɗaya ce: "Allah gafarta Malam, mahaifina ya ba ni katinsa na ATM da lambar sirri, ya ce in riƙe saboda larura. Na cire wani abu ban faɗa masa ba. Ina da laifi?" Wani lokaci uwa ce mai katin, wani lokaci kaka ce. Ban cika samun wanda yake tambaya kafin ya cire ba. Sai an cire, an kashe, zuciya ta ƙi kwanciya, sannan a nemi malam. Wannan rashin kwanciyar zuciya alheri ne, yana nuna imani da sauran ransa. Amma gara a san hukuncin tun kafin a tsaya gaban mai POS.

Abin bai zo da mamaki ba. Albashi da fansho yanzu ta banki suke shigowa. Dattijo ɗan shekara 70 ba zai iya tsayuwa a layin ATM cikin rana ba, wani rubutun da injin yake nunawa ma ba ya gani, wani yana gani amma Turanci ne. Sannan ku tuna farkon shekarar 2023, bayan Babban Bankin Najeriya ya sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, tsabar kuɗi ta yi ɓatan dabo, mutane suna yin asubanci zuwa bakin banki su dawo hannu wofi. A wannan lokacin iyaye da yawa suka miƙa wa 'ya'yansu kati, kuma har yau katin bai koma hannun mai shi ba. Ga kuma ɗalibin da zai tafi Zariya ko Maiduguri ko Alƙahira, uba ya dubi nisan hanya ya ce, "Riƙe wannan, ko da wani abu zai taso."

To mene ne sunan wannan a fiƙihu? Kati makulli ne. Kuɗin suna can a asusu, da sunan mai su. Idan mahaifinka ya ba ka makullin, maganar da ya faɗa lokacin da yake miƙa maka ita ce take yanke hukunci. In ya ce abin da ke ciki na ba ka, kyauta ce, ta zama taka. In ya ce ka ɗauka ka biya ni daga baya, bashi ne. In kuwa ya ce ka riƙe saboda larura, ko ka riƙa cire mana kuɗin cefane, to ka zama wakili, kuma izininka yana da iyaka. Malaman fiƙihu sun kira wakili amintacce. Matuƙar yana cikin iyakar da aka yi masa, ko da dukiyar ta salwanta a hannunsa ba da sakacinsa ba, babu ramuwa a kansa. Ranar da ya tsallake iyakar kuwa, amanar ta faɗi, abin da ya taɓa ya zama bashi a wuyansa, ko mai dukiyar ya sani ko bai sani ba. Allah Ya yi umarni da mayar da amanoni ga masu su a aya ta 58 ta Suratun Nisa'i, kuma ba a ware amanar iyaye daga ciki ba.

Nasan abin da wani zai ce. Zai ce ai kuɗin babana ne, kuɗin babana kuwa nawa ne. Wasu har hadisi suke kawowa, hadisin nan da Ibn Majah ya ruwaito wanda Annabi Sallallahu Alaihi Wasallam ya jingina ɗa da dukiyarsa ga mahaifinsa. To ɗan'uwa, ka kama hadisin ta wutsiya. Uba aka ba haƙƙi a dukiyar ɗa, idan ya buƙata. Babu wani hadisi da ya juya maganar ya ce uba da dukiyarsa na ɗansa ne. Kai magaji ne idan ka rayu bayansa, wannan gaskiya ne, amma wa ya ba ka tabbacin ba shi ne zai gaje ka ba? Kullum muna sallatar gawar saurayi mahaifinsa yana sahun gaba.

Masu ɗan karatu kuma sukan kawo aya ta 61 ta Suratun Nur, wadda ta ɗauke ƙunci ga mutum ya ci abinci a gidan iyayensa da na danginsa, har ta ambaci wuraren da mutum yake riƙe da makullansu. Ina son mu tsaya a kan wannan ayar, domin ita ce ta fi kusa da maganarmu. Daga cikin abin da malaman tafsiri suka kawo na dalilin saukarta, akwai cewa musulmi idan za su fita yaƙi sukan bar makullan gidajensu a hannun waɗanda uzuri ya hana su fita, makafi da guragu da marasa lafiya, su yi musu izinin ci daga abin da ke gidan. Sai waɗannan bayin Allah su ƙi ci, suna tsoron kada izinin ya kasance bai fito daga zuciya ba. Dubi wannan hali. Makulli yana hannunsu, izini sun ji shi da kunnensu, buƙata kuma tana nan, amma sai da aya ta sauka sannan hankalinsu ya kwanta. An kuma ruwaito daga Ibn Abbas, Allah Ya ƙara masa yarda, cewa ayar ta haɗa da wakilin mutum a gonarsa ko dabbobinsa, wanda zai iya cin 'ya'yan itacen ya sha nonon, amma ba zai ɗauka ya tafi da shi ko ya yi ajiya ba. Ka ga ke nan ayar tana magana ne a kan lomar da al'ada ta san ana yafewa. Ka shiga ɗakin Umma ka tarar da tuwo ka ci, babu wanda zai ce ka nemi izini a rubuce. Naira dubu 80 ta sabuwar waya ba ta shiga wannan babin.

Saura kalmar larura, wadda ita ce ƙofar da kowa yake bi. Malaman usulu, irin su Imam Shaɗibi a littafinsa Al-Muwafaƙat, sun kasa buƙatun ɗan Adam hawa uku. Akwai abin da rashinsa yake kawo halaka ko ɓarna babba ga addini ko rai ko hankali ko zuriya ko dukiya, shi ne larura ta haƙiƙa. Akwai abin da rashinsa yake kawo ƙunci da wahala amma ba halaka ba, shi ne buƙata. Akwai kuma abin ƙawa da jin daɗi. Matarka tana naƙuda an ce sai an yi aiki, ƙaninka ya yi haɗari ana neman jini, mota ta mace maka da dare a hanyar da kowa ya san ba a kwana a kanta, waɗannan babu mai jayayya a kansu. Kuɗin rajistar makaranta da za a rufe gobe buƙata ce mai ƙarfi, kuma mafi yawan iyaye sun nufe ta lokacin da suke ba da katin. Amma ankon bikin ƙawa, da gudunmawar abokin ango, da data saboda kallon ƙwallo, da man mota don zuwa zance, duk yadda suka matse ka a wannan daren, sunansu bai canza ba.

Akwai wata ƙissa a Sahihul Bukhari da nake ganin ta isa ma'auni. Ka'abu ɗan Malik, Allah Ya ƙara masa yarda, yana da tumaki da wata baiwa take kiwo a dutsen Sal'u na Madina. Sai ta ga wata tunkiya tana shirin mutuwa. Mai dukiya ba ya kusa, wuƙa babu. Ta fasa dutse ta yanka ta da kaifinsa. Da labari ya je wa Ka'abu sai ya hana a ci har sai an tambayi Manzon Allah Sallallahu Alaihi Wasallam, shi kuma ya yi umarni a ci. Imam Bukhari ya kawo wannan hadisi a cikin littafin wakilci, don ya nuna cewa makiyayi ko wakili yana iya gyara abin da yake tsoron lalacewarsa ba tare da jiran izini ba. To ku lura da abin da wannan baiwar Allah ta yi. Ɓarnar tana gabanta, ba zato take yi ba. Babu halin ta je ta tambaya ta dawo. Tunkiya ɗaya ta yanka, wadda take mutuwa, ba ta ƙara da wata mai ƙiba ba tunda dutsen yana hannunta. Ba ta amfana wa kanta da komai ba. Kuma mai dukiya ya ji labari, ba a binne maganar a bayan dutse ba.

Sharaɗin rashin halin tambaya shi ne wanda ya fi ƙuntata a zamaninmu. Baiwar Ka'abu ba ta da waya. Kai kana da ita, kuma da ita kake tura kuɗin. Minti ɗaya ya isa ka ce, "Baba, ga abin da ya taso, zan cire dubu 20." Ban ce babu lokacin da tambaya take gagara ba. Mutanen Zamfara sun san watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse layukan waya a jihar gaba ɗaya saboda matsalar tsaro. Ɗalibanmu da yaƙi ya rutsa da su a Khartoum a watan Afrilu na 2023 sun san abin da ake nufi da neman hanyar fita ba tare da an sami na gida ba. Uba yana iya kasancewa a ɗakin tiyata, ko a filin Arfa wayarsa a kashe. A irin wannan hali ka cire gwargwadon abin da zai kawar da matsalar, babu laifi a kanka, ladan ceton rai ma kake da shi in sha Allahu. Sai dai malamai sun kafa ƙa'ida cewa larura ana auna ta ne da gwargwadonta, kuma matsuwar mutum ba ta shafe haƙƙin wani. Da zarar layi ya dawo, bayani ya zama wajibi. Asibiti sun karɓi dubu 35, ka cire dubu 50, to dubu 15 ɗin nan tana da mai ita.

Yadda abin yake lalacewa kuwa kusan iri ɗaya ne a duk labaran da nake ji. Cirewar farko larura ce ta gaskiya. Aka faɗa wa Baba, ya ce Allah Ya yi albarka. Ta biyu rabi larura rabi son rai, aka ce za a faɗa masa in an koma gida, aka manta. Ta uku ba a ma yi niyyar faɗa ba. Daga nan sai a fara lissafin cewa ai bai taɓa dubawa ba. Wani kuma ya kai ga ɗaukar wayar tsohon ya goge alat kafin ya gani, ko tun farko ya sa lambarsa a banki alat ɗin yana zuwa masa. Ni a wurina goge alat ya gama ba da fatawa. Wanda ya yi imani cewa mahaifinsa ya yarda, me zai kai shi gogewa? Hadisin Nawwas ɗan Sam'an da ke Sahihu Muslim ya siffanta zunubi da abin da yake kai-kawo a ƙirji, mutum kuma yana ƙin a gan shi a kai. Yatsan da ya danna gogewa ya riga ya ba da shaida.

Shin sata ce? Ana yi mini wannan tambayar da murya ƙasa-ƙasa. Wanda ya lallaɓa ya zare katin daga aljihun rigar mahaifinsa, ya leƙi lambar sirri ba a ba shi ba, wannan babu sunan da ya dace da aikinsa sai sata. Kuma mu da muka tashi a mazhabar Malikiyya ya kamata mu san cewa Imam Malik yana ganin haddi yana hawa kan ɗan da ya saci dukiyar mahaifinsa idan sharuɗɗa suka cika, alhali uba ba a yanke masa hannu saboda dukiyar ɗansa. Mafi yawan malamai sun saɓa masa, suka ce akwai shubuha tsakanin ɗa da uba da take kawar da haddi, amma babu wanda ya ce halal ne. Wanda kuma aka miƙa wa katin hannu da hannu ya wuce iyaka, shi a fiƙihu maha'inci ne, babu haddi a kansa. Kada wannan ya sanyaya maka rai. Cin amana yana cikin alamomi uku na munafiki da suka zo a Bukhari da Muslim, kuma a nan ya haɗu da saɓa wa iyaye.

Wata 'yar'uwa za ta ce, Malam, ba ka san babanmu ba, yana da shi amma ba ya fitarwa. Na sani akwai irin waɗannan iyaye, kuma shari'a ba ta rufe ido a kansu ba. Hindu 'yar Utba ta kai ƙarar mijinta Abu Sufyan cewa yana da riƙo, ba ya ba ta abin da zai ishe ta da 'ya'yanta, Annabi Sallallahu Alaihi Wasallam ya yi mata izini ta ɗauki abin da zai ishe su gwargwadon abin da aka saba. Amma wannan izini na wanda ciyar da shi wajibi ne a kan mai dukiyar, aka kuma hana shi. A Malikiyya ciyar da ɗa namiji yana kan uba har ya balaga yana mai iya nema, 'ya mace kuma har mijinta ya tare da ita. Wasu malamai, musamman Hanafawa, sun shigar da ɗalibin da karatu ya hana shi nema. Saboda haka budurwar da take gaban mahaifinta, aka hana ta abinci ko magani ko suturar da ta wajaba, maganarta daban. Gardi ɗan shekara 28 mai lafiya, wanda ya raina sana'a, ba Hindu ba ne. Ko mai haƙƙin ma, abin da ya fi masa aminci shi ne ya bi ta hannun uwa, ko baffa, ko wani da uban yake jin nauyinsa, tunda mutum ba ya yi wa kansa alƙalanci ya yi adalci sai ɗan kaɗan.

Duk abin da na faɗa a kan katin da yake cire kuɗin da ke cikin asusu ne, wanda shi ne a hannun yawancin mutanenmu. Akwai wani kati daban, katin bashi, wanda ake kira kiredit kad. Bai yaɗu a wurinmu ba, amma 'yan'uwanmu da ke zaune a Ingila da Amurka da ƙasashen Larabawa sun san shi, kuma wasu sukan karɓar wa 'ya'yansu ƙarin kati a kan asusunsu saboda larura. Shi wannan idan ka yi sayayya da shi, banki ne ya biya maka. Ƙarshen wata ya turo lissafi. In an biya duka kafin wa'adi, babu ƙari. In an bar wani abu, kuɗin ruwa ya fara hawa, kuma a Amurka ruwan irin wannan kati ya haura kashi 20 cikin 100 a shekara a 'yan shekarun nan. In tsabar kuɗi ka cira da shi, galibi ruwan daga ranar yake fara lissafi, babu jiran ƙarshen wata. Bashin kuma da sunan mai asusun ake rubuta shi, wato mahaifinka.

Majalisar Fiƙihu ta Duniya da ke Jidda, a zamanta na 12 da ta yi a Riyad a shekarar 2000, ta yanke cewa bai halatta a bayar ko a yi mu'amala da katin bashin da aka sharɗanta ruwa a cikinsa ba, ko da mai karɓa yana da niyyar biya kafin wa'adi. Wasu malaman zamani sun sassauta ga wanda yake zaune a ƙasar da wasu buƙatu ba sa biyuwa sai da shi, da sharaɗin ya riƙa biya gaba ɗaya kafin ruwa ya hau. To ko a kan wannan sassaucin, dubi matsayin yaron da ya kashe ya yi shiru. Uba ya tsara abin da zai iya biya a wata, ɗa ya ƙara masa abin da bai sani ba, wa'adi ya wuce, ruwa ya hau. Ka ci dukiyarsa, ka kuma jefa shi cikin riba da hannunka. Mu ma a nan gida muna da ɗan'uwan wannan: yaro ya ɗauki wayar mahaifiyarsa da lambar BVN ɗinta ya karɓi bashi a manhajojin nan na bashi, ruwa yana ninkuwa, ranar da aka kasa biya a fara kiran duk wanda lambarsa take cikin wayar ana ci mata mutunci. Baiwar Allah tana zaune a ɗakinta, ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba.

Iyaye, ku ma akwai naku. Da yawa daga wannan rikici daga dunƙulalliyar magana yake farawa. "Ko da wani abu zai taso" magana ce mai faɗi, yaro ɗan shekara 20 zai iya shigar da duniya a cikinta. Ka faɗa masa a fili: asibiti, da hanya, da makaranta, kuma kada ka wuce kaza sai ka kira ni. Wanda Allah Ya hore wa, ya buɗe wani asusu daban ya zuba abin da ya ware don larura, ya ba da katin wannan, ya riƙe na babban asusunsa. Alat ya riƙa zuwa wayarka, in ba ka karatu wani ɗan daban ya riƙa karanta maka. Wannan ba zargi ba ne, taimakon yaron ne a kan Shaiɗan. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, kuma sahabbai aka fara yi wa umarnin, mutanen da suka fi mu amana nesa ba kusa ba. Ku sani kuma bankuna suna gargaɗin kada a ba kowa lambar sirri, don haka in kuɗi suka salwanta ta wannan hanya, da wuya ka sami wanda zai saurare ka a can. Sannan wanda yake hana ɗansa abin da ya wajaba alhali yana da shi, ya sani shi ya fara buɗe ƙofar.

A gidan da ake da ɗakuna biyu ko uku, maganar ta fi haka nauyi. Kati yana hannun ɗan ɗaki ɗaya, sauran suna kallo. Ko da yaron nan waliyyi ne sai an zarge shi, balle in ya sauya waya. Bashir, mahaifin Nu'uman, ya yi wa ɗansa kyauta shi kaɗai ya zo neman Annabi Sallallahu Alaihi Wasallam ya yi shaida, Annabi ya ƙi, ya umarce shi da adalci tsakanin 'ya'yansa. Uban da ya san ɗa ɗaya yana ɗiba yana kashewa a kansa, ya kawar da kai, kyauta yake yi masa a fakaice. Kai kuma mai riƙe da katin, ka sami littafi ka riƙa rubuta rana da adadi da dalili, ka ajiye takardun asibiti. Banki yana ajiye lissafin duk abin da ya fita, da ranarsa da wurinsa, kuma ranar rabon gado akwai wanda zai nemi a buga takardar.

Wannan ya kawo ni wurin da ya fi tsorata ni. Izinin da mahaifinka ya ba ka yana raye ne da rayuwarsa da hankalinsa. Idan tsufa ya rikita shi har ba ya gane lissafi, "ɗauki abin da kake so" da zai faɗa maka ba ta zama hujja, abin da ya rage shi ne a kashe masa dukiyarsa a kan maslaharsa da ta waɗanda ciyar da su yake kansa. Idan yana cikin ciwon ajali, kyautarsa tana bin hukuncin wasiyya, ita kuwa wasiyya ba a yin ta ga magaji sai sauran magada sun yarda. Idan kuma ya cika, wakilci ya ƙare a wannan lokacin. Injin ATM bai san an yi rasuwa ba, zai ci gaba da ba ka kuɗi, amma kuɗin sun tashi daga na Baba. Abin da ake fara fitarwa shi ne kuɗin shirya shi, likkafani da kabari, sai bashin da ake bin sa, sai wasiyyarsa a cikin sulusi, sannan magada. Abincin masu zaman makoki ba ya cikin wannan jeri, sai in manyan magada sun ɗauka daga rabonsu da yardarsu. Sau nawa muke ji an yi jana'iza da safe, kafin la'asar alat yana ta shigowa wayar mamaci? In akwai ƙananan yara a cikin magada, to dukiyar marayu ce, kuma aya ta 10 ta Suratun Nisa'i ta siffanta mai cin ta da zalunci da mai cusa wuta a cikinsa. Fanshon da ya ci gaba da shigowa bayan rasuwa saboda an ƙi sanar da hukuma, shi kuma wani haƙƙi ne daban, na jama'a.

Wanda ya riga ya faɗa ciki, hanyar fita a buɗe take, kuma ta fi sauƙi matuƙar mahaifin yana raye. Ka zauna ka lissafa iyakar abin da za ka iya tunawa, in ka yi shakka ka ɗauki adadin da ya fi yawa. Ka same shi shi kaɗai ka ce, "Baba, na taɓa kuɗinka ba da saninka ba, sun kai kaza, ga su, ko ka ba ni lokaci in biya, kuma ka yafe mini." Mafi yawan iyaye kafin ka rufe baki sun yafe, amma yafewar da ta inganta ita ce wadda ya san abin da yake yafewa. Ka tsaya a taron salla ka ce "Baba a yafe mu" a dunƙule, alhali ka san da ya ji adadin fuskarsa za ta canza, wannan malamai sun yi saɓani a kan isarsa, kuma ni ba zan so in tsaya gaban Allah da shi ba. In kana da tabbacin faɗar za ta tayar masa da ciwo, irin masu hawan jini, ko ta haddasa fitinar da ta fi laifin girma, to ka mayar da kuɗin asusunsa ta hanyar da ta sauwaƙa, domin abin da ake nema shi ne haƙƙi ya koma ga mai shi, ka haɗa da tuba da yawan kyautata masa.

In kuwa ya rasu, sadaka da sunansa ba ta sauke maka wannan nauyi, tunda masu haƙƙin suna nan kuma ka san su. Abin da ka ɗauka ya shiga cikin gado. Misali ka cire naira dubu 240 ba bisa haƙƙi ba, ya rasu ya bar mata ɗaya da 'ya'ya maza biyu da mata uku, iyayensa sun riga shi, babu bashi babu wasiyya. Matar tana da sumuni, dubu 30. Saura dubu 210 a kasa bakwai, kowane kaso dubu 30, namiji ya ɗauki biyu mace ɗaya. Rabonka kai dubu 60 ne. Ɗan'uwanka yana bin ka dubu 60, kowace daga 'yan'uwanka mata dubu 30, matar mahaifinka dubu 30, ko ita ta haife ka ko abokiyar zamanta ce. Jimla dubu 180. Baligi mai hankali a cikinsu yana da ikon ya yafe maka nasa in ya ga dama. Ƙaramin yaro kuwa babu mai ikon yafe rabonsa, ko mahaifiyarsa, sai dai a ajiye masa ko a kashe a kan maslaharsa.

Wallahu a'alam.